Datse ƙafafun kayan fanel: wace hanya ce mai arha da ba za ta ɓata maka aiki ba?

Wani yaro da ya koyi aiki a hannuna, wanda yanzu ya buɗe ɗan shagonsa, ya zo wurina kwanakin baya tafin hannunsa duk ya yi kanta. Ya samu aikin haɗa fanel 200 na fitilar sola mai caji, wato allon cikin fitilar da ake liƙa ƙananan kayan lantarki a kai, kowane fanel da kaya kusan 30 a kansa. Yawancinsu ƙafa bibbiyu ne, wasu uku, ka ce ƙafa 65 a fanel guda. Datsa 13,000 ke nan kafin aiki ya kammala. Ya ce mini, "Maigida, filayar nan ta gama da hannuna, ga shi guda uku cikin waɗanda na kai sun dawo ba sa kawo wuta. In ci bashi in sayi injin yanka ne, ko in sa giranda in share ƙafafun gaba ɗaya?"

Na ce masa ya ajiye maganar bashi, ya kuma manta da giranda. Abin da muka tattauna a ranar shi ne na faɗaɗa a nan, domin na san ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba. Masu gyaran wayar salula a kasuwar Farm Centre ta Kano ba ruwansu da wannan, tunda kayan fanel ɗin waya a saman fanel ɗin ake liƙa su, ba su da doguwar ƙafa. Maganar ta masu inbata ce, da sitabilaiza, da caja, da amfilifaya, da fitilu, inda har yanzu ake zura ƙafar rizista ko kafasita ta rami, a liƙe ta da dalma ta baya, sannan a datse abin da ya yi saura.

Abin da za ka auna kafin ka zaɓa

Na farko shi ne tsawon abin da zai rage bayan datsa. Masana'antun lantarki suna bin wani ƙa'idajjen littafi mai lamba IPC-A-610. A cikinsa, kayan aji na 2, wato waɗanda ake so su daɗe suna aiki, ƙafarsu ba ta wuce milimita 2.5 daga fuskar fanel. Kayan aji na 3, irin na asibiti da jiragen sama, milimita 1.5 ne iyakarsu. Ta ɓangaren gajarta kuwa, dole a iya ganin kan ƙafar a cikin dalmar. Dalilin a fili yake. Idan ƙafa ta yi tsawo, za ta taɓa jikin akwatin ƙarfe ko ta kwanta a kan maƙwabciyarta. Idan ka nutsa bakin kota, wato abin datse ƙafar, cikin tulin dalmar don aikin ya yi sumul, to liƙin kake tsagawa.

Na biyu shi ne bugun da datsar ke aikawa cikin liƙi. Wannan "ƙas!" da kake ji idan filaya ta haɗe baki, ba ƙara ce kawai ba. Bugu ne yake bin ƙafar, rabi ya tafi da guntun da ya tashi sama, rabi ya shiga cikin dalma da jikin kayan. A fanel mai fuska biyu wanda raminsa ke da rufin jan ƙarfe ta ciki, liƙin yana da ƙarfin jure wannan. Amma fanel mai fuska ɗaya, musamman ruwan ƙasan nan mai arha da ke cikin rediyo da caja, zoben jan ƙarfen da ke bakin rami manne shi kawai aka yi. Bugu kaɗan sai ya ɗago, ko dalmar ta yi tsagar da ido ba ya gani. Ka gwada a shago ya yi aiki, ya je gidan mai shi ya ɗumama ya huce sau goma, tsagar ta buɗe. Fanel ukun da suka dawo wa yaron nan, biyu daga ciki wannan ce cutarsu. Kayan da suka fi tsoron bugu su ne masu jikin gilashi kamar dayod 1N4148, da kiristal, da ƙananan kafasitocin tangaran.

Na uku, wanda mutane suka fi mantawa da shi, shi ne irin ƙarfen da aka yi ƙafar da shi. Muna ɗauka duk jan ƙarfe ne saboda launinsu ɗaya a ido, alhali kuza ce aka shafa musu. Ɗauki mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika ne, ka kai shi kusa da kayanka. Za ka ga ƙafafun yawancin fitilun LED sun manne, na kafasitoci masu ruwa da yawa sun manne, rizistoci masu arha da ake sayarwa a ƙunshi su ma da dama sun manne. Baƙin ƙarfe ne a ciki. Kauri ma ya bambanta: ƙafar rizista mai kwatan wat tana kai kimanin milimita 0.6, masu arhar ba su kai haka ba. Ta 1N4007 kimanin 0.8, ta 1N5408 kuwa ta kai 1.2 zuwa 1.3. Wannan bambancin shi ke yanke hukuncin ko kotarka za ta shekara ko za ta mutu a mako guda.

Na huɗu, ina guntun yake faɗawa? Guntun ƙafa yana tashi da gudu, kuma wuri biyu yake nema: idon mutum, da cikin na'urar da ke buɗe a gefen tebur. Na taɓa kwana biyu ina neman abin da ke ƙona taransistocin wata inbata, ashe guntun ƙafar da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba ne ya maƙale a tsakanin ƙafafun taransista IRF3205. Daga fanel ɗin wani aikin daban ya yi tsalle ya faɗa ciki.

Sauran ma'aunan kowa ya san su: kuɗin saye, tsawon rai, gajiyar hannu, sauri, da kuma ko abin yana buƙatar wuta. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga wanda rabin yininsa a kan janareta yake.

Lanƙwasa a karya

Wasu kan kama ƙafar da yatsa su yi ta kaɗa ta gaba da baya har ta karye. Ba ka kashe ko kwabo, amma duk kaɗawar a cikin liƙin take ƙarewa. A fanel mai fuska ɗaya kusan tabbas ne za ka ɗago zobe. Ban sa ta a lissafi don a zaɓe ta ba, na ambace ta ne don a daina.

Filayar yankan waya ta gama-gari

Ita ce a kowane akwatin kayan aiki, ta masu wayarin. Bakinta a fiƙe yake ta gefe biyu, don haka ba yanka take yi ba, matsa ƙarfen take yi har ya tsinke. Abin da ya rage sai ya fito da tsini kamar bakin mashi, mai yagar yatsa da huda takardar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin fanel don kare shi. Kanta kuma ƙato ne, ba ya shiga tsakanin ƙafafun ayisi (IC), baƙin kayan nan mai ƙafafu a jere, da tazararsu milimita 2.54 ce kacal. Bugunta shi ne mafi tsanani cikin duk kayan hannu. Ba ta da sifirin da zai buɗe ta, shi ya sa hannun yaron ya yi kanta.

Duk da haka kada ka jefar da ita. Tana da ƙarko, kuma ita ce daidai da ƙafafu masu kauri: manyan dayod, ƙafar rile, ƙafar taransifoma, wayar fiyus. Sai dai a irin waɗannan, datse kafin ka liƙa.

Abin yankan farce

Kada a raina shi. Yawancinmu da shi muka fara, kuma a kan siririyar ƙafar jan ƙarfe yana datsa mai tsafta fiye da filaya. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ana samunsa a kowane tebur. Wani alherinsa shi ne, sau da yawa guntun yana tsayawa a cikin bakinsa maimakon ya tashi, balle idan ka naɗe gefunansa da salatif.

Matsalarsa uku. Bakinsa a lanƙwashe yake, an yi shi ne don siffar farce, don haka ba ya kwanciya daidai a kan fanel, kuma faɗinsa yana hana shi shiga wuri mai cunkoso. Ƙarfensa ba a ƙera shi don cin ƙarfe ba: ƙafar LED ashirin sun isa su yi masa giɓi. Sannan riƙonsa da yatsa biyu ne, bayan datsa ɗari babban yatsanka zai gaya maka. Ga ɗalibin da ke haɗa fanel guda a mako, ya wadatar. Ga mai oda, a'a.

Ƙaramar kota mai shafaffen baya

A nan ne zan daɗe, domin ita ce amsar mutum tara cikin goma. Kota ce 'yar ƙarama, tsawonta kimanin inci biyar, mai sifirin, bayan bakinta a shafe yake sumul, fiƙar ta gefe ɗaya ce. Gefen da ya shafe shi kake juyawa wajen fanel, sai abin da ya rage ya fito a daidaice ba tsini, tsinin ya tafi da guntun da za a zubar.

Sunayen da za ka ci karo da su: Hakko CHP-170, da Plato 170, da Xuron 170-II. Plato da Xuron suna da wata dabara: leɓunan bakinsu ba sa karo da juna, ɗaya yana ɗan gota ɗaya kamar almakashi. Saboda haka yanka suke yi a hankali maimakon tsinkewa farat ɗaya, bugun ya ragu sosai, hannu ma ba ya shan wahala. Masu ƙera su sun faɗi iyakarsu: Plato da Xuron jan ƙarfe har milimita 1, CHP-170 har kimanin 1.3. Lura da kalmar: jan ƙarfe. Ba su ce baƙin ƙarfe ba.

A shagunan intanet na waje, na asalin suna tsakanin dala 5 zuwa 12. Kwaikwayonsu, musamman mai shuɗin mariƙi da aka rubuta 170 a jiki, dala 1 zuwa 3 ne, kuma su suka fi yawa a wurin masu kayan lantarki, ko a Sabon Gari a Kano ko a Alaba a Legas. Na sa farashi da dala ne saboda kayan shigowa ne, kuɗinsu a naira yana bin canji.

An ce araha ba ta ado, amma a nan sai na yi wa kwaikwayon adalci. Idan ka zaɓa da kyau, yana aiki. Matsalarsa ita ce guda goma a kwali ɗaya, halinsu goma. Kafin ka biya, rufe bakin ka ɗaga shi wajen haske. Idan ka ga haske yana ratsawa ta tsakiya ko ta tsini, ajiye ka ɗauki wani. Kaɗa mariƙan biyu ka ji ko ƙusar tsakiya tana wasa. Sannan ka cire silin waya guda daga cikin waya mai gashi, ka yanke shi da ƙarshen tsinin. Idan ya yanke tsaf, saya. Idan ya lanƙwashe ya maƙale, bar musu kayansu.

Abin da ke kashe irin wannan kota ba tsufa ba ne, rana ɗaya ce. Wani ya ɗauka ya yanke ƙusa, ko wayar birkin keke, ko ƙafar babban dayod, sai giɓi ya fito. Daga nan duk siririyar ƙafar da ta faɗa giɓin tauna ta za a yi, kai kuma ka fara ja da murɗawa, ka koma gidan jiya na tsaga liƙi. Giɓi ba ya gyaruwa da dutsen wasa yadda ya kamata, musamman a mai gotawar nan, domin da ka ci leɓen, gotawar ta tafi.

Maganin da na samu mai sauƙi ne, kuma shi ne ainihin shawarata a wannan rubutu: ka mallaki guda biyu. Ɗaya mai kyau, ka naɗa mata jan salatif a mariƙi, ba ta taɓa komai sai ƙafar da mayen ƙarfe ya ƙi. Ɗaya ta kwaikwayo, ita ce jakin shago, ita ke cin ƙafar LED da kafasita da fil ɗin kanekta. Idan ta mutu ka sayi wata, ba ka yi asarar kirki ba. Yaran shago su san cewa mai jan salatif ba a aronta.

Yadda ake riƙe ta ma yana da muhimmanci. Kada ka kwantar da ita a kan fanel ka datse a gindi. Ɗaga ta kaɗan, ka datse a saman tulin dalmar, inda ƙafar ta fito fili. Idan hannunka bai saba ba, nemi guntun faranti mai kaurin milimita ɗaya da rabi, ko guntun tsohon fanel, tunda yawancinsu kaurin 1.6 ne, ka yi masa 'yar tsaga, ka riƙa zura ƙafar ciki kana kwantar da kotar a kansa. Duk ƙafafun za su fito tsawo ɗaya. Yi amfani da tsakiyar baki, ba tsini ba, sai inda wuri ya ƙure. Ɗora yatsa a kan ƙafar kafin ka matsa don kada guntun ya tashi, ko ka yi datsar a cikin kwali mai zurfi. Akwai kotocin da ake sayarwa da ɗan maƙalin da ke riƙe guntun, ƙarin kuɗinsu kaɗan ne kuma sun cancanta. Tabarau kuwa, ko na masu babur ne, ka sa.

Kota ta manyan kamfanoni

Knipex ta Jamus, jerin 78 da suke kira Super Knips, da Lindström da makamantansu. Daga dala 25 suke farawa, wasu su ninka haka. Ƙarfensu ya fi tauri, ƙusar tsakiya ba ta saki da wuri, bakinsu yana haɗuwa daidai shekara da shekaru. A cikin jerin akwai masu maƙalin riƙe guntu, akwai waɗanda aka ƙara wa tauri. Idan kai kaɗai ke taɓa kayan aikinka kuma kullum kana kan tebur, kuɗinka zai dawo. Idan shagon yara biyar ne, kowa na ɗauka, to rana ɗaya za a yanke ƙusa da ita, kuma zafin asarar ya fi na dala biyu nesa. Ka kuma yi hattara, sunan da ya yi suna shi aka fi bugawa a jikin jabu.

Datsewa kafin liƙi, da ma'aunin katako

Wannan ba sabon kayan aiki ba ne, sauya tsarin aiki ne, kuma ita ce hanyar da ta fitar da yaron nan. Duk matsalar bugu ta taso ne saboda ana datsa bayan dalma ta daskare. Idan ka datse tun kafin ka zura kayan, liƙin bai san an yi ba. Akwai ƙarin riba: dalmar za ta rufe kan ƙafar da aka yanke. Ƙafar baƙin ƙarfe da aka datse bayan liƙi kanta a buɗe yake, damina ɗaya ta ishe shi ya fara tsatsa.

Ga yadda ake yi. Rizistoci da dayod suna zuwa a jere a kan tef biyu da ke riƙe ƙarshen ƙafafunsu, tazarar tef biyun galibi milimita 52. Maimakon ka ɓalle su ɗaya-ɗaya, shimfiɗa jerin a kan katako, ka ja layi biyu, ka bi layin da kota kana datsewa. Sai ka sami ɗan katako ko roba mai faɗin tazarar ramukanka, wanda ga rizistar kwatan wat yawanci milimita 10.16 ne, wato ramuka huɗu na 2.54. Ɗora rizistar a kai, danna ƙafafun biyu ƙasa da yatsu. Daga lanƙwasar zuwa ƙarshe kana buƙatar kimanin milimita 4 zuwa 4 da rabi: rabin kaurin jikin rizistar, da 1.6 na fanel, da ɗaya da rabin da zai leƙo. Gwada guda biyar tukuna kafin ka yanke ɗari biyar, domin ƙafar da ta gajarce ba ta dawowa.

Wahalarta ɗaya ce. Gajeriyar ƙafa ba ta lanƙwasuwa ta baya don ta riƙe kanta, da ka kifa fanel sai kayan su zube. Sai ka yanko soson katifa daidai girman fanel, ka danne kayan da shi, ka ɗora faranti, ka ɗaure da roba, sannan ka kifa. Fara da gajerun kaya, ka liƙe su, sannan dogaye. Kuma kada ka daɗe da ƙarfen liƙi a kai, tunda gajeriyar ƙafa tana kai zafi jikin kayan da sauri, soson ma yana iya narkewa.

Hanyar ba ta da amfani ga mai gyara, wanda kowane fanel da ya zo masa daban ne. Ga mai haɗa abu iri ɗaya sau ɗari, babu kamarta a arha. Yaro ɗaya yana gefe yana datsa da lanƙwasa, ɗaya yana zurawa, kai kana liƙi.

Injin juyawa da hannu

Shi ne babban wan ma'aunin katako. Kana zura tef ɗin rizistoci, kana juya mariƙi kamar injin taliya, suna faɗowa a datse a lanƙwashe. Ba ya cin wuta. Daga Sin ake kawo yawancinsu, farashi daga wajen dala 100 zuwa sama, ban da kuɗin dako. Dubbai yake yi a awa guda. Sai dai na kayan kwance daban, na kayan tsaye irin kafasita daban, kuma dole kayanka su zo a kan tef. Wanda ke sayen rizista hamsin-hamsin a leda, injin nan ba zai yi masa komai ba.

Kota mai aiki da iska

Bakin kota ne a jikin ɗan bututu, ka danna maɓalli iska ta rufe shi. Tana hutar da hannu ƙwarai, kuma ana sauya bakin idan ya dakushe. Ita kanta 'yan gomomin daloli ce, amma sai da kwamfuresa irin ta masu faci, ita kuma sai da wuta. Ba ta rage yawan datsar ba, har yanzu ƙafa ɗaya-ɗaya kake bi, kuma rufewarta da ƙarfi ne, don haka maganar bugu tana nan. Idan da ma kana da kwamfuresa don fenti ko hure ƙura, za ka iya dubawa. A sayi kwamfuresa saboda ita kaɗai, ban ga hikimar ba.

Injin faifai, da giranda

A masana'antun da ke tsoma fanel cikin tukunyar narkakkiyar dalma, ana zura kaya da dogayen ƙafafunsu, a tsoma, sannan a tura fanel ɗin a kan wani faifai mai kaifi na ƙarfen tangistan da ke juyawa a kwance, ya aske ƙafafun duka cikin daƙiƙoƙi. Da yawa sukan sake tsomawa karo na biyu don dalma ta gyara abin da askin ya girgiza. Injin ɗaruruwan daloli ne, faifan yana buƙatar wasawa a wurin masu injin da ya dace, kuma fanel ɗin da ya ɗan bankare faifan zai ci layukansa. Kayan mai fanel dubu a mako ne.

Ganin wannan ne ke sa wasu su ce bari su kwaikwaya da giranda ko ƙaramin injin gurza. Ina roƙonka kada ka yi. Faifan masana'anta yanka yake yi, giranda kuwa niƙa take yi. Tana girgiza kowane liƙi a fanel, tana watsa garin ƙarfe a ƙarƙashin ayisi inda buroshi ba ya kaiwa, garin kuma wutar lantarki tana bi ta cikinsa. Mafi muni, dalmar da yawancinmu ke amfani da ita, mai lamba 60/40, kashi 40 cikin ɗarinta gubar dalma ce zalla. A dunƙule a kan fanel ba ta tashi ta shiga jikinka, amma da ka niƙa ta ta zama ƙurar da ake shaƙa, ta sauka a riga, a tabarma, a kwanon abinci. Mu a Arewa mun ga abin da ƙurar dalma ke yi. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinare masu dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Ƙurar shago ba ta kai wannan yawan ba, amma gubar ɗaya ce, tana taruwa a jiki, kuma yara ta fi yi wa illa. Da yawanmu a zauren gida muke aiki, 'ya'yanmu suna rarrafe a ƙarƙashin tebur.

Ga su a jere

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauri | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Lanƙwasa a karya | Babu | – | A hankali | Tsaga liƙi, ɗago zobe |
| Filayar wayarin | Kana da ita | Shekaru | A hankali, da gajiya | Bugu mai ƙarfi, tsini |
| Abin yankan farce | Ƙasa da dala 1 | Gajere | A hankali | Kaɗan, a siririyar ƙafa |
| Kota ta kwaikwayo | Dala 1 zuwa 3 | Sa'a ce | Matsakaici | Tashin guntu, saurin giɓi |
| Kota ta asali | Dala 5 zuwa 12 | Mai kyau a jan ƙarfe | Matsakaici | Tashin guntu |
| Kota ta manyan kamfanoni | Dala 25 zuwa sama | Shekaru da yawa | Matsakaici | Jabu, asara idan an ɓata |
| Ma'aunin katako | Kusan babu | Sai ka sake wani | Mai sauri a aiki iri ɗaya | Kuskuren awo |
| Injin juyawa da hannu | Dala 100 zuwa sama | Shekaru | Mai sauri sosai | Sai kaya a kan tef |
| Kotar iska | Gomomin daloli, da kwamfuresa | Ana sauya baki | Mai sauri | Bugu, buƙatar wuta |
| Injin faifai | Ɗaruruwan daloli | Sai ana wasawa | Mafi sauri | Cin layi, yanke yatsa |
| Giranda | Wataƙila kana da ita | – | Mai sauri | Ƙurar dalma, garin ƙarfe |

Wa ya dace da wanne

Ɗalibi ko mai koyo, wanda fanel ɗinsa bai wuce ɗaya ko biyu a mako ba: sayi kota ta kwaikwayo guda, ka zaɓe ta da gwajin haske. Kafin ka samu, abin yankan farce zai riƙe ka, muddin ka nisanta shi da ƙafar LED.

Mai gyaran inbata, talabijin ko sitabilaiza: kota biyu, mai jan salatif da jakin shago, ga filayarka ta da don manyan ƙafafu. Kai datsarka bayan liƙi ce dole, don haka ka saba da duba kowane liƙi da gilashin ƙara girma. Wanda ka yi shakkarsa, sake taɓa shi da ƙarfen liƙi daƙiƙa biyu, dalmar ta narke ta sake kama jikinta. Ko ƙa'idojin masana'anta abin da suke nema ke nan ga liƙin da aka datse bayan ya daskare: a duba shi da gilashi, ko a sake narka shi.

Wanda shi kaɗai ke aiki a teburinsa daga safe zuwa dare, kuma hannunsa ya fara ciwo: lokacin Knipex ko makamanciyarta ya yi, ka nemi mai maƙalin riƙe guntu.

Mai oda daga fanel 50 zuwa 'yan ɗaruruwa, irin yaron nan: ma'aunin katako da soson katifa, ka datse rizista da dayod tun a kan tef, ka bar kota ga kafasita da taransista kawai. Shi da ya koma haka, abin da yake datsewa bayan liƙi ya ragu zuwa ƙasa da rabi, ragowar fanel ɗin kuma ba wanda ya dawo.

Idan odar ta zama ta kowane wata, kuma ka fara sayen kaya a kan tef dubu-dubu, injin juyawa da hannu shi ne na gaba, ba kotar iska ba. Injin faifai kuwa sai ranar da ka sayi tukunyar dalma, ka ware mata ɗaki mai iska nesa da inda iyali ke kwana, kana da wanda zai tsaya yana duba kowane fanel bayan askin.